Annobar Korona da Jami'o'in Nijeriya: Tarihin Kwana 301

Ran 23 ga watan Maris, 2020, abubuwa biyu suka faɗa wa jami'o'in Nijeriya a rana ɗaya. Na farko shi ne umurnin Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa cewa a rufe kowace jami'a har tsawon wata guda domin hana yaɗuwar cutar korona, wadda aka fara gani a ƙasar ran 27 ga Fabrairu a jikin wani Bature ɗan Italiya da ya sauka a Ikko, watau Legas. Na biyu kuwa shi ne sanarwar ƙungiyar malaman jami'o'i, wadda aka fi sani da ASUU, cewa yajin aikin gargaɗi na mako biyu da ta shiga tun ran 9 ga wata ya koma na sai-baba-ta-gani. Ɗalibai suka ɗaure 'yan kayansu suka nufi tasha, da yawa daga cikinsu suka bar katifa da risho da littattafai a ɗaki, gama wata ɗaya aka ce musu. Mafi yawan waɗanda ke jami'o'in gwamnati ba su sake zama a aji ba sai ran 18 ga Janairu, 2021, ko bayan nan. Tsakanin ranakun nan biyu akwai kwana 301, watau mako 43 cif.

In da yawan kaburbura za a auna annobar, sai a ce ta yi wa ɗaliban jami'a da sauƙi. Lissafin hukuma ya nuna mutum wajen 267,000 ne aka tabbatar sun kamu a duk ƙasar, 3,155 suka rasu, ko da yake gwajin da aka yi kaɗan ne ƙwarai, saboda haka lissafin bai kama kowa ba. Har ila yau cuta ce da ta fi tsananta ga tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini, ta kan sassauta wa samari da 'yan mata. Amma gidan ilmi yana da nasa mudu dabam. Jarin ɗalibi lokaci ne, jarin jami'a kuwa mutane ne da aka yi shekara talatin ko arba'in ana renon iliminsu, kuma a kan waɗannan biyu ne annobar ta sauka.

Annoba ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Murar nan ta 1918, wadda tsofaffi suka riƙa kira marisuwa, jirgin ruwa ne ya kawo ta Ikko a watan Satumba, ta bi hanyar jirgin ƙasa da koguna ta game ƙasa kafin shekara ta ƙare, masana tarihi kuma sun ƙiyasta ta kashe mutum kamar rabin miliyan daga cikin wajen miliyan 18. A lokacin babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya. Sanƙarau na 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Arewa, ya kashe fiye da 11,000. Cutar Ebola ta 2014 ta sa aka jinkirta komawar makarantun firamare da sakandare. Duk da haka babu ɗaya daga cikinsu da ta sa aka rufe jami'o'in ƙasar gaba ɗaya. Rufe jami'a dai an saba da shi, amma saboda rigima: an gani a watan Afrilu na 1978, sa'ad da ɗalibai suka tashi kan ƙarin kuɗin abinci da na kwana, an kuma gani a watan Mayu na 1986 bayan kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Irin wannan rufewa tana da wanda za a zauna da shi a sasanta. Da ƙwayar cuta kuwa ba a zaman sulhu, ba ta kuma faɗin ranar tafiyarta.

Tarihin wasu ƙasashe ya ajiye misalai biyu da suka nuna fuskoki biyu na wannan al'amari. A 1665 annoba ta sa aka rufe Jami'ar Kambirij ta Ingila, wani saurayi mai suna Isaac Newton ya koma gonar gidansu a ƙauye, inda ya yi kusan shekara biyu yana nazarin lissafi da haske da ƙarfin da ke jawo abubuwa zuwa ƙasa. An yi ta ba ɗalibai wannan labari a 2020, kamar ana yi musu gorin zaman banza. Masu ba da labarin sukan manta cewa Newton ya riga ya gama digirinsa na farko, gidansu kuma yana da gona da barori da abinci, ba wanda ke aikensa ɗibar ruwa. Misali na biyu ya fi kusa da abin da ya faru a nan. Ibn Khaldun yana ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai babbar annoba ta 1348 ta shiga Tunis, ta kashe mahaifinsa da mahaifiyarsa da malamansa da dama. Makarantun birnin suna nan tsaye bayan annobar, amma waɗanda ake zuwa ɗaukar karatu wurinsu sun ragu, bayan 'yan shekaru kuma ya bar garin.

Kafin a gane abin da rufe ƙofar jami'a ya hana ɗalibin Nijeriya, tilas a san abin da aka zuba a bayan ƙofar tun farko. Kwamitin Asquith, wanda gwamnatin Ingila ta kafa kan ilmi mai zurfi a ƙasashen da take mulki, ya ba da shawara a 1945 cewa jami'o'in da za a gina su zama na kwana, ɗalibi ya ci a ciki ya kwana a ciki. A kan wannan tsari aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da ɗalibai 104, a kansa kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da ɗalibai 426. Aka gina su a bayan gari, kowacce gari guda mai cin gashin kansa, da ruwanta da wutarta da asibitinta da laburarenta da gidajen malamanta. Dalilin haka a fili yake: an san gidan da ɗalibin ya fito ba shi da waɗannan abubuwa. Bayan shekara sittin ɗalibai sun ninka ninkin ba ninkin, ɗakin mutum biyu ya koma na takwas, an daɗe da daina ciyarwa, famfo ya kan yi kwanaki bai kawo ba. Duk da wannan lalacewa, ga ɗan talaka da ya fito daga ƙauye, jami'a ita ce kaɗai wurin da zai sami fitilar karatu da dare, da teburi, da littafin da ba zai iya saye ba, da abokin da zai tambaya abin da ya shige masa duhu. Tsarin bai taɓa tanadin ranar da za a ce ya yi karatu daga gida ba.

A farkon watan Afrilu, Ministan Ilmi, Malam Adamu Adamu, ya umurci shugabannin jami'o'i da kwalejoji su mai da darussa ta intanet. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Malaman da za su koyar suna yajin aiki, wannan ɗaya ke nan. Ko da ba sa yi, jami'o'in gwamnati kaɗan ne ke da na'urori da ma'aikatan da za su ɗauki dubban ɗalibai a lokaci guda, yawancin malamai kuma ba a taɓa koya musu yadda ake shirya darasi ta wannan hanya ba. A ɓangaren ɗalibi kuwa sai an haɗa abu huɗu kafin lacca ɗaya ta shiga kunnensa: waya ko kwamfuta mai kyau, da kuɗin data, da layi mai ƙarfi, da wutar caji. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Nijeriya miliyan 85, watau kashi 43 cikin ɗari, ba su da wutar lantarki ta gwamnati sam. Akwai kuma ilmin da waya ba ta ɗaukarsa. Ɗalibin likitanci sai ya tsaya bakin gadon majiyyaci, na injiniya sai ya taɓa ƙarfe, mai binciken aikin gona kuwa da damina yake lissafi, in ta wuce bai yi shuka ba ya yi hasarar shekara guda ko da an buɗe jami'a washegari.

Abin takaici a nan shi ne, ƙasar ta daɗe da sanin karatu daga nesa. Tun zamanin Turawa akawuna da malaman makaranta suke karatu ta gidan waya da kwalejojin Ingila, har su ci jarrabawar Jami'ar Landan ba su taɓa taka jirgi ba. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, ta horar da malaman firamare masu ɗimbin yawa ta wannan hanya. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ba a farfaɗo da ita ba sai farkon shekarun 2000. Shekarun nan da ta yi a kwance su ne shekarun da ya kamata a ce an tara gwaninta da littattafan koyi-da-kanka waɗanda sauran jami'o'i za su ara a 2020. Rediyo ma, wadda ke kusan kowane gida, jihohi sun yi amfani da ita wajen koyar da 'yan firamare da sakandare a lokacin kulle, amma karatun jami'a bai amfana da ita ba wani abin kirki.

Jami'o'i masu zaman kansu ba ruwansu da yajin aikin, iyayen ɗalibansu kuma galibi masu hali ne, saboda haka da yawa daga cikinsu suka koma koyarwa ta Zoom da WhatsApp da makamantansu cikin 'yan makonni, wasu har jarrabawa suka yi. Karatun bai kai na aji ba, malamansu da ɗalibansu sun yi ta kukan yankewar layi, amma shekara ba ta tsaya musu ba. Ta haka aka sami yara biyu da suka gama sakandare tare, suka shiga jami'a shekara ɗaya, ɗan mai kuɗi ya wuce ɗan talaka da aji guda ba don ya fi shi ƙwaƙwalwa ba.

Zaman gidan kansa ya zo da nasa ciwo, irin wanda asibiti ba ta rubutawa a littafinta. An kulle Ikko da Abuja daga ran 30 ga Maris, Ogun kuma bayan 'yan kwanaki, Jihar Kaduna ta riga su sa dokar hana fita, Kano ta bi a tsakiyar Afrilu. Iyayen da ke cin abinci daga abin da suka samo a kasuwa yau suka wayi gari ba kasuwa, ga ƙarin baki ya dawo daga makaranta. Tattalin arzikin ƙasa ya ja baya, farashin abinci ya hau, a watan Satumba kuma aka ƙara kuɗin mai da na wutar lantarki. Wanda ya kama hayar ɗaki a bayan jami'a ya ga kuɗin shekara ya ƙare alhali ɗakin yana kulle. Wasu samari suka shiga gona da daminar 2020, wasu suka koyi ɗinki ko gyaran waya, suka fita da riba. Wasu kuwa zaman kashe wando ya cinye su: barci da rana, waya da dare, ba ranar komawa balle a yi shiri dominta. Wannan rashin sanin ranar shi ya fi komai cin rai, domin wata ɗayan da aka faɗa ya wuce, aka shiga zaman jiran sanarwa, kowane mako da jita-jitarsa. Ɗaliba mace ta fi shan wuya. Da ta dawo gida aikin gida ya dawo kanta, kuma a gidan da tun farko da ƙyar aka yarda ta tafi jami'a, wata goma na zama ya isa a ce aure ya fi, karatu ya jira. Ba kowacce ce ta koma ba.

A ɓangaren malamai, birnin Kano ne ya ga rana mafi baƙi. An tabbatar da mai cutar na farko a can ran 11 ga Afrilu. Kafin wata ya ƙare masu haƙar kabari suka fara faɗin cewa gawawwaki sun fi ƙarfin abin da suka saba gani, ga azumi ya kama, ga asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe don tsoro. Ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda Jami'ar Bayero ke horar da likitocinta, ya tsaya na 'yan kwanaki a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, likitoci da dama kuma suka kamu. A cikin kwanakin ƙarshen Afrilu aka yi rashin Farfesa Ibrahim Ayagi, masanin tattalin arziki, da Farfesa Aliyu Umar Dikko na fannin ilmin aikin jikin ɗan Adam, da Farfesa Balarabe Maikaba na fannin aikin jarida. Yawancin waɗanda suka rasu a birnin a makonnin nan an binne su ba tare da gwaji ba, saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa kowane mamaci sunan cuta. Abin da hukuma ta faɗa daga baya, ta bakin Ministan Lafiya Dakta Osagie Ehanire a watan Yuni, shi ne an ƙidaya mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadinsu. A zagaye na biyu na annobar, ran 3 ga Janairu, 2021, cutar ta kashe Farfesa Oyewusi Ibidapo-Obe, tsohon shugaban Jami'ar Legas. Mutuwar shehun malami ba gidansa kaɗai take shafa ba. Akwai ɗaliban digiri na biyu da na uku da kundinsu ke kan teburinsa, akwai darasin da shi kaɗai ke koyar da shi a sashen, akwai abin da ya sani bai kai ga rubutawa ba. Ɗalibansa kuma suna warwatse a garuruwansu, dokar kulle ta hana da yawansu ko zuwa gaisuwa.

Waɗanda suka rayu kuwa sun rayu cikin ƙunci. Asalin rigimar ASUU da gwamnati shi ne yarjejeniyar 2009 da ba a cika ba, da kuma tsarin biyan albashi na bai-ɗaya da ake kira IPPIS, wanda malaman suka ƙi shiga. Aka riƙe albashinsu na watanni a tsakiyar annoba da tsadar abinci, har malamin jami'a ya koma cin bashin mai shago. Ma'aikatan da ba sa koyarwa sun shiga tsarin, amma suka yi ta kukan ana yanke musu kuɗi, su ma suka tafi nasu yajin a watan Fabrairu na 2021. Ƙasa da su duka akwai mutanen da sunansu ba ya cikin takardar albashi ko ɗaya: mai tuwo, da mai wanki, da mai buga takardu, da ɗan acaɓa, da mai gidan haya, waɗanda a wuri irin Samaru kusan duk cinikinsu na ɗalibai ne. Ya kamata kuma a rubuta cewa ba duk fitilun jami'a ne suka mutu ba. A farkon Maris na 2020 cibiyar bincike ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta zama ta farko a Afirka da ta warware tsarin halittar ƙwayar cutar, likitocin asibitocin koyarwa kuwa, waɗanda yawancinsu malaman jami'a ne, su ne suka tsaya a ɗakunan killace majiyyata.

To, a cikin kwana 301 ɗin nan, nawa ne na cuta, nawa ne na rigima? Ana iya rarrabewa gwargwado. Jamhuriyar Nijar ta buɗe makarantunta ran 1 ga Yuni, 2020. Gana ta mai da ɗaliban ajin ƙarshe na jami'o'inta ran 15 ga Yuni domin su yi jarrabawa. A Nijeriya gwamnati ta yarda a buɗe makarantu a watan Oktoba, jami'o'i masu zaman kansu suka koma, amma na gwamnati suka ci gaba da zama a rufe har ran 23 ga Disamba, sa'ad da ASUU ta janye yajin bayan alkawarin Naira biliyan 40 na alawus da biliyan 30 na gyaran jami'o'i. Ana murnar wannan sai zagaye na biyu na cutar ya sa aka ɗage komawa zuwa 18 ga Janairu. Ke nan aƙalla daga Oktoba zuwa Disamba ba laifin korona ba ne. Kuma akwai dalilin zaton cewa annobar ta tsawaita yajin: muddin ƙofa tana rufe da umurnin likitoci, babu matsin da zai tilasta wa gwamnati ta yi sauri, haka nan babu wanda zai zargi malamai da hana karatu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kowane ɓangare ya fake da cutar, ɗalibi ne ya biya.

Komawar ma ba ta mai da abin da ya tafi ba. An ce a sa takunkumi a bar tazara, a ɗakin laccar da mutum ɗari biyar ke cusuwa wurin da aka gina don ɗari biyu. Jami'ar Bayero ta soke shekarar karatu ta 2019/2020 ɗungurungum ta fara sabuwa. Wasu jami'o'in suka matse zangon karatu, malami ya bi manhaja a guje, aka yi jarrabawa a kan abin da aka taɓo sama-sama. Hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a kuwa ba ta fasa jarrabawarta ba ko shekara ɗaya, saboda haka sababbin ɗalibai suka taru a bakin ƙofa rukuni a kan rukuni, wasu jami'o'in suka haɗa ɗiban shekara biyu a aji ɗaya. Jinkirin yana da farashi da ake iya lissafawa. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama digiri ba ya zuwa aikin yi wa ƙasa hidima, bankuna da kamfanoni da yawa sukan sa iyakar shekaru ga sabon ma'aikaci, ma'aikacin gwamnati da ya tafi ƙaro ilmi kuwa hutunsa ya ƙare ba takarda a hannu, ƙarin girman da yake jira ya wuce shi.

Ba a gama rama wannan ba sai ASUU ta sake tafiya yajin aiki ran 14 ga Fabrairu, 2022, kan kusan maganganun da aka bari a 2020, ba ta dawo ba sai ran 14 ga Oktoba. Ɗalibin da ya shiga jami'ar tarayya a 2019 ya yi wajen wata goma sha takwas a gida cikin shekara uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarshen matakin gaggawa na cutar korona ran 5 ga Mayu, 2023. A watan Disamba na wannan shekara Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da jami'o'i daga tsarin IPPIS, watau abin da malaman suka nema tun kafin a rufe ƙofa a watan Maris na 2020.